Wanda Ba Ya Ƙarasa wa Auta Magana

Auta ta faɗo gidan da ba a jiran kowa ya gama magana. Uwarta tela ce, shagonta shi ne ɗakin gaba na gidan, kuma duk wadda ta taɓa kai mata ɗinki ta san bakin Mama ya fi kekenta gudu. Kafin mace ta gama faɗin irin wuyan da take so, Mama ta riga ta zana shi da alli a jikin yadi, ta faɗi ranar karɓa, ta kuma tambayi lafiyar yara. Yayar Auta, wadda ta girme ta da shekara huɗu, ta kwaso bakin nan kaf, ba ta rage komai ba. Babansu direban babbar mota ne. Sai ya yi mako biyu a hanya, in ya dawo kuma ba ya samun gurbin da zai tsoma baki, don haka tuni ya sallama, ya koma murmushi da gyaɗa kai.

A irin wannan gida aka haifi yarinya mai in'ina. Kuma tata ba mai sauƙi ba ce. Kalma takan zo har bakin leɓenta ta tsaya cak, wuyanta ya ɗaure, idonta ya yi ta ƙiftawa, ita kuma kalmar ta ce ba inda za ta. Mama ba ta iya kallon wannan. Da ta ga wuyan 'yarta ya soma ɗaurewa sai zuciyarta ta karye, ta yi maza ta ƙarasa mata maganar. Yaya ta koya daga Mama, malamai suka koya daga Yaya, har mai kantin bakin layi ya koya. Ba wanda ya yi haka da mugunta, kowa taimako yake yi, kuma wannan ne ya sa abin ya yi wuyar gyara, domin ba ka san yadda za ka yi fushi da mai taimakonka ba.

Matsalar ita ce, masu taimakon ba kullum suke dacewa ba. Tana shekara shida Mama ta baza yadi kala-kala a kan tebur ta ce ta zaɓa. Auta ta ce, "Ina son ruwan..." sai ta maƙale.

"Ruwan ƙwai!" in ji Mama. "Ai na sani. 'Yata akwai ido."

Kafin Auta ta ƙwato kalmarta, almakashi ya shiga yadi. Rigar ta yi kyau, kowa ya yaba, Mama ta yi ta murna, yarinyar kuma ta ga ba ta da zuciyar ɓata wannan murna. Daga ranar ya zama sananne a dangi cewa Auta ba ta da kala sai ruwan ƙwai. Riga ruwan ƙwai, jakar makaranta ruwan ƙwai, labulen ɗakinta ma haka. Gwaggo in ta zo ziyara, abin ɗaure gashi ruwan ƙwai take riƙo mata. Ta taɓa gwada rubuta abin da take so a takarda, amma Mama kalma biyun farko take karantawa ta ce ta gane sauran.

A majami'a an sa ta cikin mawaƙa, don in tana waƙa harshenta ba ya sarƙewa ko kaɗan. Mama takan zauna a benci na uku tana share hawaye tana zungurin ta kusa da ita, wai ku ji muryar 'yata. Auta tana son waƙa, ba ta ƙi ba. Sai dai kalmomin waƙar ma wani ne ya tsara su, ita bin su kawai take yi.

Da ta cika shekara goma sha shida ta shiga ajin baftisma, ita da wasu matasa bakwai. Ba wanda ya tura ta, wannan kam ita ta ɗaga hannu da kanta. Ka'idar ikkilisiyarsu ita ce, ranar baftisma kowane ɗaya zai tsaya gaban jama'a ya faɗi da bakinsa abin da ya kawo shi. Wata uku ya rage. Mama ba ta ɓata lokaci ba, ta je ta sami Fasto suka gama magana: Yaya za ta rubuta shaidar, ta kuma karanta a madadin ƙanwarta, Auta sai dai ta tsaya a gefe ta gyaɗa kai. Fasto ya ga wannan tausayi ne, ya amince. Aka dawo gida aka sanar da Auta a matsayin albishir.

Abin ya tsaya mata a rai. Riga ce ta haƙura, jaka ce ta haƙura, amma wannan tsakaninta ne da Ubangiji, kuma tana so ta faɗa da kanta. Tana so, tana kuma jin tsoro, don ta san yadda fuskarta take komawa in ta maƙale, ta san jama'a sun fi ɗari biyu. Ga wani abin da ya fi wannan damunta, wanda ba ta taɓa gaya wa kowa ba. 'Yan ajinsu kullum cikin cewa suke Ubangiji ya yi musu magana, wannan a mafarki, wancan a zuciya. Ita ba ta taɓa jin komai ba. Takan rufe ido ta kasa kunne har ta ji ƙarar jininta, amma shiru. Ta soma zargin ko Shi ma ya gaji da jiranta ne tun tana ƙarama, ya juya wajen masu saurin baki.

Sai ta yanke shawarar neman alama. Ta ce a zuciyarta: Ya Uba, in Kana so in yi magana da kaina, Ka ɗauke in'inar nan kafin ranar. In ba Ka ɗauke ba, na gane, zan yi shiru in bar Yaya. A ganinta ta sauƙaƙa Masa aiki, amsa biyu ce kawai, ya zaɓi ɗaya.

An raba wa 'yan ajin aikin Asabar, ita aka ba ta goge bencina. Talatin da biyu ne, sha shida a kowane gefe, na katako mai nauyi, kowanne da ɗan kanta a bayansa inda ƙura take taruwa. Da la'asar take zuwa da bokiti da tsumma biyu, ɗaya jiƙaƙƙe ɗaya busasshe. Ba kowa a lokacin sai tsohuwar da ke riƙe da mabuɗan majami'ar, wadda yara da manya suke kira Kaka. Kaka ta daɗe da rasa ji, sai an yi mata ihu a kunne, kuma aikinta shi ne ta zauna a bakin ƙofa tana gyangyaɗi har a gama ta kulle.

Tun da ba mai ji, Auta ta ga nan ne wurin gwaji. Kowace Asabar sai ta buɗe baki ta yi addu'a da ƙarfi, abin da ba ta taɓa yi ba, don ta ji ko an taɓa harshen. Takan soma a benci na ɗaya, "Ya Uba," ta ji ya fita sumul, murna ta kama ta. Kafin benci na biyu ta maƙale. Sai ta ja bakinta ta rufe, ta ƙarasa aikin a shiru, ta ce wataƙila mako mai zuwa. Haka aka ci Asabar goma.

Ana saura mako biyu Yaya ta gama rubutu, ta tsaya a tsakiyar shago tsakanin tarin ƙyallaye ta karanta musu. Gaskiya ta iya tsara magana. Shaidar ta soma da cewa, "Tun ina ƙarama nake jin muryar Ubangiji tana kirana a zuciyata." Mama ta dakatar da keke ta dafe ƙirji.

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Wannan ƙarya ce, kuma da sunanta za a faɗe ta, a gaban Wanda ya san ƙarya ce. Ta ce, "Yaya, ni fa ban ta... ban ta..."

"Ba ki taɓa jin mai daɗi irin wannan ba, ko?" Yaya ta rungume ta. "Kwana uku na yi a kai, 'yar ƙanwata. Ke dai ki tsaya ki yi kyau."

Ranar Asabar ɗin ta shiga majami'a ranta a ɓace. Ba ta yi gwajin benci na ɗaya ba, don ta san sakamakon. Ta yi ta dirzar katako kamar shi ya yi mata laifi. Ta gama gefen dama, ta tsallaka hagu, sai a benci na sha tara abin ya ƙwace mata. Wannan karon ba gwaji take yi ba, faɗa ta zo yi.

"Ya Uba, ni fa na ga..."

Ta maƙale. Wuya ya ɗaure, ido ya soma ƙiftawa. Bisa sabo sai ta ɗan saki jiki tana jira, domin a nan ne kullum wani yake cafewa. Shekara goma sha shida ba ta taɓa wuce wannan gaɓa ita kaɗai ba. Ta jira, ba wanda ya cafe. Tattabaru suna kuka a saman rufi, Kaka tana gyangyaɗi a bakin ƙofa, maganar kuma tana nan a buɗe inda ta bar ta. Haushi ya sa ta ƙi rufe baki. Ta riƙe bayan benci ta yi ta turawa har hawaye suka zubo.

"...gaji. Na gaji."

Da wannan ta fita, wata ta biyo baya, ita ma da nata kokawar. Ta ɗauki tsumma ta ci gaba da guga tana turo kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Na gaji da roƙon Ka. Kowa Kana yi masa magana ban da ni. Za a faɗi ƙarya da sunana Kana kallo. A benci na ashirin da uku ta ce "amma", ta kuma tsaya, don ita kanta ba ta san me ke bayan wannan amma ɗin ba. Ba ta taɓa zuwa ƙarshen doguwar magana ba balle ta san yadda nata ƙarshen yake. Ta goge benci biyu cur tana kokawa, sannan sauran ya fito: amma duk mako Asabar nake jira, don nan ne kaɗai nake so in zo.

Ta zauna a benci na ashirin da shida, tsumma a cinya, tana haki. Ba zan ce an yi mata magana ba, don ba a yi ba, kuma ita ma ba ta taɓa cewa an yi ba. Shirun yana nan yadda yake. Abin da ta lura da shi shi ne, ta yi magana tun daga farko har ƙarshe, ta yi tsiwa, ta yi kuka, ta ɗauki lokacin da ya isa a dafa abinci a sauke, kuma ba a katse ta ba, ba a gyara mata ba, ba a ce an riga an gane ba. Ta san shirun wanda ya tashi ya bar ka, ta sha ganinsa a makaranta. Wannan bai yi kama da shi ba. Ya fi kama da na wanda ya ajiye abin da yake yi ya zauna. Ta ji kunyar tsiwar da ta yi, ta kuma ji wani daɗi da ba ta taɓa ji ba, har dariya ta kuɓuce mata cikin hawaye.

Ashe Kaka ta farka tana kallonta. Ta taso da sandarta, mabuɗai suna kacau-kacau, ta yi magana da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Ke jikata, da wa kike wannan dogon zance? Tun ɗazu nake ganin bakinki yana motsi."

Auta ta nuna sama da yatsa.

"Au, to ci gaba abinki, ban kulle ba tukuna. Ni nawa kunnen ya mutu, Shi nasa lafiya lau. Kuma ba Shi da ɗinkin da zai kai wa kowa gobe."

Washegari bayan sujada ta tsaya a ƙofar ofishin Fasto da 'yar takarda a hannu. Ta rubuta kalma kaɗan don kada shi ma ya ce ya gane sauran: Zan faɗa da kaina. Don Allah kada a taya ni. Fasto ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ta.

"'Yata, an warkar da ke ne?"

Ta girgiza kai.

"To in kin maƙale a gaban jama'a fa, me za mu yi?"

Ta soma kokawa. Fasto mutum ne da magana ce sana'arsa, ta ga leɓensa ya motsa, sai ya dubi takardar ya haɗiye.

"A jira," in ji ta.

A gida ne aka yi rigimar. Yaya ta ninke takardarta ta shige ɗaki tana cewa kwana ukunta ya tafi a banza. Mama kuwa kuka ta sa. "So kike a yi miki dariya? Ni na haife ki, na san yadda yaran nan suke. Tun kina ƙarama nake tare miki wannan, yanzu ki ce za ki je ki tsaya tsirara a gaban mutane?" Auta dai ta tsaya ba ta janye ba. Ta ji tausayin uwarta ƙwarai, ta kuma ji tsoro ya dawo mata sabo. Alamar da ta roƙa ba ta zo ba, kuma bisa yarjejeniyar da ta tsara da kanta, shiru ya kamata ta yi. Amma ta riga ta gane cewa ita ce ta tsara amsoshin nan biyu ta miƙa Masa, wato ita ma ƙarasa Masa magana ta yi.

Ranar ta zo. Majami'a ta cika har da masu tsayuwa a baya, Baba ma ya dawo daga hanya ya zauna kusa da Mama a benci na uku. Matasa bakwai suka yi nasu, kowa da labari mai daɗi. Da aka zo kanta Fasto ya ce, "Wannan 'yar tamu za ta yi magana da kanta. Ta roƙi abu ɗaya, kada kowa ya taya ta. Ni ma an ja mini kunne." Aka ɗan yi dariya, sannan wuri ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

"Ni ban ta..."

Nan ta tsaya. Wani yaro ya ƙyalƙyale a baya, uwarsa ta toshe masa baki. Auta tana ganin mata a bencinan gaba sun karkato, leɓunansu suna motsi, kowacce da kalmar da ta tanada. Ta ga Mama ta ɗago daga zaune, baki a buɗe. Sai Baba, mutumin da ya shekara ashirin yana gyaɗa kai, ya ɗora hannunsa a kan nata ya riƙe. Mama ta dube shi, ta dubi 'yarta, ta koma ta zauna, ta dunƙule hankicinta ta cusa a baki ta cije.

Auta ta dubi bencinan da ta san kowane tabo a jikinsu. Wurin dai shi ne na jiya, kuma Mai jiran yana nan.

"...taɓa jin muryarSa ba," in ji ta. Ta ja numfashi ta sake kamawa. "Amma Shi yana jin tawa. Har ƙarshe. Shi ya sa na zo."

Abin da wani zai faɗa a numfashi biyu, ita ya ci mata minti huɗu. Da ta gama ba wanda ya motsa, ba su tabbata ta gama ba, suna jira ko akwai saura. Kaka ce, da ba ta ji ko kalma ɗaya ba amma ta ga bakin ya rufe, ta buga sanda a ƙasa ta ce amin da ƙarfi, jama'a suka amsa. Yaya tana kuka ta manta da fushinta. Aka shiga da Auta ruwa aka fito da ita, tana rawar sanyi tana dariya.

In'inar ba ta tafi ba, har yau tana nan. Auta tana goge bencina ranar Asabar ko da yake ba dolenta ba ne yanzu, kuma in ka leƙa za ka ga bakinta yana motsi.

Amma a ranar, da suka koma gida, sabuwar riga tana shimfiɗe a kan teburin yanka, ruwan ƙwai mai haske, Mama ta yi mako guda tana yi mata ado a wuya. Amma ba ta miƙa wa Auta ita ba. Ta jawo kujera ta zaunar da ita, ita ma ta zauna a kujerar keke, ta sa hannayenta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta ta danne.

"Auta, in akwai wata magana, faɗa mini. Ba zan ce uffan ba."

Auta ta dubi rigar, ta dubi uwarta.

"Mama, ni ruwan..."

Jijiyar wuyan Mama ta tashi kamar ita ce mai in'inar, amma ta riƙe.

"...toka nake so."

"Ruwan toka? Tun yaushe?"

"Tun ina shekara shida."

Mama ta juya ta dubi labule, ta dubi jakar da ke rataye a ƙusa, ta dubi rigar. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito, abin da ba a taɓa gani ba a gidan. Baba ya juya baya yana tari don kada a ga dariyarsa. Can Mama ta share ido da bayan hannu, ta tashi ta hau kujera, ta sauko da wani yadi ruwan toka daga can saman kantar yadi, ta kakkaɓe shi ta baza a kan rigar. Ta ɗauki alli.

"Wane irin wuya?" ta ce, ta tsaya da allin a hannu tana jira.